Ranar da Na Wuce ta Saman Kan Lado

Ni ne Sulle, wanda mutanen garinmu Turawa, a ƙasar Karaye, ke kira Sha-da-ƙyar. Sunan bai yi mini ba, domin ni ban taɓa sha da ƙyar ba, cikin sauƙi nake sha. Agana ta shigo garinmu ina yaro, ta kwashe sa'o'ina, ni kuwa ta bar mini 'yan ɗige-ɗige a hanci don a riƙa gane ni. Shekarar babban fari na ci abin da akuya ta shinshina ta kau da kai. Rijiya ta rufta da ni a Yola, Yolar nan tamu ta Karaye, aka tono ni ina tambayar inda hulata take. Kwalekwale ya kife da mu a dam ɗin Challawa, na fito da kifi a aljihu. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma duk abin da ke kashe mutum ya zo ya dube ni ya koma. Ikon Allah ne, na sani. Sai dai ba kowa ake yi wa ba.

Duk ranar kasuwar Karaye ina da wurin zama a rumfar masu gyaɗa, kuma a nan nake ba da waɗannan labarai. Mutum ɗaya ne ke katse ni, wato Lado. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, yana zaune a Rogo. Tun da ya je Makka ya dawo da haƙorin azurfa, ya samu abin da zai riƙa rufe mini baki da shi.

Ran nan, farkon damina, ina tsakiyar rijiya, ƙasa ta kawo mini wuya, sai ya ce, "Sulle, duk tsirar nan taka a ƙasa ka yi ta. Rijiya ƙasa, ruwa ƙasa. Kai ka taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsayi?"

Na ce, "Alhaji, kai da aka ce tun daga Kano ka rufe ido, ba ka buɗe ba sai Jidda?"

"A rufe ko a buɗe, ina sama kana ƙasa. Ta kan gidanka ma muka bi. Na ji wari."

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuma in aka yi mini dariya, bakina yakan riga ni yanke shawara. Na miƙe na ce, kafin a cire gyaɗar bana sai na wuce ta saman kan Lado a cikin jirgi. In ban yi ba, na rufe bakina a rumfar nan har in koma ga Allah, ba rijiya, ba kwalekwale, ba agana. Lado ya ce a shaida. Aka shaida da sauri. Na lura wasu har fuskarsu ta yi haske, amma na bar wannan a kan zafin rana.

Ba haka kawai na yi rantsuwar ba, ina da abin da na taka. Dagacinmu, Malam Dalhatu, yana da 'ya Mas'uda, wadda na goya tana ƙarama ta yi mini fitsari a riga. Ta yi karatu har ta gaji, tana aiki a Zariya, kuma ita da wasu abokan aikinta sun haɗu sun mallaki wani ɗan jirgi mai kujera biyu. Ita ke tuƙa shi da kanta. Ta sa an baje wata saurar babanta da ke jikin gonata, an mayar da ita fili dogo, don ta riƙa sauka in ta zo gida. Na je na gaya mata abin da ke tsakanina da Lado. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba Sulle, na ɗauki alkawari. Ranar da sama ta yi kyau zan zo in ɗaga ka, mu zaga Rogo."

Na ɗaga kai na ce, "Ga ta nan, me ya same ta?"

"Wannan ta nan ce, kuma ta yanzu. Ni daga Zariya zan taso. Mu masu ƙananan jirage ba ma tashi sai mun duba a intanet yadda sama take a inda za mu bi da inda za mu sauka."

Ta fito da wayarta ta nuna mini. Shafin farko wasu baƙaƙe ne da lambobi a cunkushe kamar tururuwa a kan ƙashi. Ta ce rahoton filin jirgin Kano ne, ana sabunta shi a kai a kai, yana faɗin ƙarfin iska da inda ta fito da nisan da ido zai iya gani. Na biyu hoto ne da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga can sama, gajimare ya yi fari-fari a kan ƙasar Hausa kamar an zubar da koko. Na uku launi-launi ne suna tafiya, ta ce iska ce, kore mai hankali, ja mahaukaciya. Akwai kuma mai faɗin abin da zai faru gobe da jibi. Na ce wannan ai duba ne. Ta ce a'a, lissafi ne. Na ce masu duban ma haka suke cewa.

"Matsalar," in ji ta, "Kano da nisa. Abin da ke faruwa a can ba shi ke faruwa a Turawa ba. Shi ya sa akwai shafi na daban, inda mutane ke kafa tasu na'urar a gida ko a gona, tana aika labari kowa ya gani."

Ashe ta zo da tata. Ta kafa dogon ƙarfe a bakin gonata. A kansa akwai wasu 'yan kofuna masu juyawa in iska ta taɓa su, da wani kofi mai buɗaɗɗen baki na auna ruwa, da kyamara mai kallon filin, da farantin sola wanda ta ce shi ne abincin abin. Can gefe ta rataye wata doguwar safa ruwan lemo, kamar ƙafar wandon ƙato, mai nuna inda iska ta dosa. Da ta gama ta karkaɗe hannu ta ce, "Baba Sulle, ga amana nan na bar maka."

Da bakinta ta faɗi kalmar. A riƙe wannan.

Da farko mun zauna lafiya da na'urar. Tunda an ce matuƙan duniya na leƙowa ta kyamarar, kullum da safe nakan sa riga mai kyau in tsaya a gabanta in gaishe su, in tambayi iyali. Ba su taɓa amsawa ba, amma na san tarbiyya ta bambanta.

Aka sa rana. Matata Talatu ta turara mini babbar riga, na zauna a bakin fili tun hantsi. Sai waya: "Baba Sulle, yau ba zai yiwu ba, iska ta gicciye filin." Aka sake sa wata. "Baba, an yi ruwa jiya a wajenku, filin zai yi taɓo." Aka sake sa wata, ta ce iskar ce kuma. Gyaɗa ta yi fure, furen ya zube. Lado ya aiko mini da allura da zare ta hannun wani ɗan kasuwa, wai in fara gwada ɗinkin bakin tun yanzu.

Sai na tambaye ta, "'Yar nan, wai wa ke kai miki wannan zance? Kina Zariya kin san an yi ruwa a gonata?"

"Na'urar mana, Baba. Ita ke gaya mini komai."

A nan na gane abin da aka dasa mini. Magulmaciya ce. Tana tsaye a gonata, tana cin ranar gonata, tana kwashe zancen garinmu tana kai wa baƙi. Mu nan ba a haka. Ko ɗakinka na yoyo a kan gadonka, in na waje ya tambaye ka, lafiya lau za ka ce, ka je ka nemi kwano ka tara.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Na tsaya na dubi abin da kyau bayan wani ruwa, na ga kofunan nan suna ta juyi ba hutawa har suna kuka, kofin ruwan ya jiƙe sharkaf, tsuntsu ya yi kashi a kan kyamara. Kunya ta kama ni. Babana, Allah ya jiƙansa, wani bafatake ya taɓa bar masa amanar jaki. Da hadari ya taso, jakin ya shigar zaure, shi ya kwana a waje. Ni ɗansa, a ba ni amanar abu mai tsada in bar shi ruwa na dukansa?

Na kama aiki. Kofunan iska na ɗaure su da tsumma mai laushi, su huta. Kofin ruwa na kife masa ƙwarya. Na yi wa kan ƙarfen ɗan jinka na shuci mai kyau, na bar farantin sola a waje don kada in hana baƙo abinci. Safar nan mai ɗaga ƙafa a gaban mutane, na zuba mata duwatsu a ciki ta tsaya da ladabi. Daidai inda kyamara ke kallo kuwa na yi abin da kowane mai gida ke yi in zai yi baƙi: na ɗauko farin yashi daga rafi a kan jaki, na shimfiɗa, na share. Duk bayan ruwa in zuba sabo. In ana cikin ruwan kuma, sai in yafa wa kyamarar shuɗin zanen Talatu don kada sanyi ya shige ta.

Talatu ta ce, "Malam, yarinyar nan fa a waje ta kafa abinta."

"Amana ta ce."

"Amanar ce ta ce a ɗauki zanena na zuwa suna?"

"Ke ba ki san darajar da zanen nan ya samu ba. Turawan ƙasar waje na kallonsa, sun ɗauka sama ce."

Ba a jima ba Mas'uda ta kira. "Baba Sulle, anya na'urar nan lafiyarta ƙalau?"

"Ta fi ni lafiya."

"Hoton tauraro ya nuna hadari ya bi ta wajenku, ita kuma ta ce ko ɗigo."

"Ai kin san ruwan bana. Ya sauka a gonar wani, ya tsallake ta maƙwabcinsa." Wannan kuwa gaskiya ce, kowa ya sani. Ni ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba.

"To, iska fa? Ta ce tsit, dare da rana. Ba a yin haka."

Na ga tana da gaskiya, gari ba ya zama ba iska sam. Daga ranar nakan kwance tsumman safe da yamma, in hau turmi in yi wa kofunan fifita da mafici, daidai misali, iskar mutunci. Sai ga Mas'uda ta sake kira tana cewa a zauren da matuƙan ƙananan jirage ke hira a waya, Turawa ta zama abin magana. Wani daga Jos ya ce bai taɓa ganin gari mai natsuwar sama irin wannan ba. Wani ya tambaya ko ana sayar da fili. Duk tsawon shekarun da dagatai suka yi suna mulki, ba wanda ya fitar da sunan garinmu kamar yadda na fitar da shi da mafici ɗaya.

Sai aka shiga marka. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba a kanmu har kwaɗi suka gaji da kuka. Ranar da ya ɗauke, gari ya waye tas, sama kamar an wanke ta. Waya ta yi ƙara.

"Baba, duk shafukan sun ce yau garau. Rahoton Kano lafiya, hoton tauraro ba gajimare. Na'urarka ta ce rabonku da ruwa an daɗe, kuma ga fili nan ina gani fari fat. Ya bushe dai ko?"

To, ku gaya mini. 'Yar dagaci, wadda na goya, tana tambaya ko ta zo garin ubanta. Akwai bakin da zai ce mata kada ta zo? Na ce, "Taho, gidanku ne. Talatu ta dama fura." Na aika wa Lado cewa ya fito ƙofar gida ya tsaya a sarari, ya cire hula.

Jirgin ya ɓullo ta kudu yana ƙara kamar injin markaɗe. Ya zagayo, ya sauko a hankali, tayoyinsa suka taɓa daidai kan yashina. Wallahi wajen nan ya karɓe shi da kyau, ba wanda zai ce ban iya shimfiɗa ba. Inda yashin ya ƙare ne aka samu saɓani. Tayoyin suka nutse, laka ta tashi sama, hancin jirgin ya caki ƙasa, wutsiya ta ɗaga. Ya tsaya haka kamar kaza ta ga tsaba.

Mas'uda ta fito da ƙafarta, taɓo har gwiwa, goshinta ya ɗan fashe. Ta taka har gindin ƙarfen, ta dubi jinka, ta ɗaga ƙwarya ta leƙa, ta taɓa tsumma, ta girgiza safa duwatsu suka zubo. Ta daɗe tana kallon turmi da mafici.

A zauren dagaci aka yi zaman. Malam Dalhatu mutum ne mai bin magana daki-daki. Ya ce, "Mas'uda, na'urar da kika ba shi, ta karye?"

"A'a, Abba."

"An sace wani abu a jikinta?"

"A'a."

"Sulle, kai me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, a je a duba. Ta fi ranar da aka kawo ta kyau. Ko mura ba ta yi ba."

"Abba, aikinta ke nan ruwa ya dake ta. Don haka aka yi ta."

Dagaci ya shafa gemu ya ce shi dai tunda yake bai taɓa jin an kai ƙarar mutum don ya kula da amana fiye da kima ba, kuma bai san ta inda zai kama shari'ar ba. Na fara gyara zama. Sai Mas'uda ta juyo ta dube ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba Sulle, da hancin jirgin nan ya ƙara nutsewa kaɗan, da yanzu gaisuwar mutuwa Abba ke karɓa a zauren nan. Kuma ba ni kaɗai ke duba shafin ba. Da wani ne hadari ya koro, ya ga an ce Turawa lafiya, ya taho da iyalinsa fa?"

A daidai lokacin tari ya sarƙe ni.

Ta ce ta karɓe amanarta ta ba Inna Talatu. Batun ɗaga ni kuwa, ba bana ba, ba baɗi ba.

Aka kawo shanun huɗa suka jawo jirgin zuwa wani fako a gefen gonata. Farfela ta lanƙwashe, ƙofa ta daina kulluwa, kuma wai sai an yi odar sabuwar farfelar daga waje. Mas'uda ta kafa turakun ƙarfe, ta ɗaure fikafikan da wutsiyar da wasu igiyoyin roba masu kauri, ta ja ta ƙara ja. Kafin ta shiga mota ta ce, "Baba Sulle, wannan ban ba ka amanarsa ba. Inna, ki shaida. Ban ba shi ba."

Talatu kuwa ranar ta yaye jinka, ta kwance tsumma, ta ɗauke ƙwaryarta da zanenta. Na'ura ta koma gulmarta.

Ganyen gyaɗa ya fara ja. Aka ce mutanen Daura, ta nan kusa da mu, har sun fara cira. Na je kasuwa na fara labarin kwalekwale, na ga ana kallona irin kallon da ake yi wa mara lafiyar da likita ya ce a kai shi gida. Ba wanda ya katse ni, har Lado. Wannan ya fi dariyar ciwo. Na dawo ban ci tuwo ba. Mutumin da ya tsira daga abubuwa irin nawa, in aka hana shi faɗa, to me ya tsira ya yi?

Don in rage tunani nakan zaga wajen jirgin. A nan na ga ɓarna. Duk sanda iska ta ɗan girgiza shi, igiyoyin roban nan sai su goge fenti, har ƙarfe ya fara bayyana. An ce ba a ba ni amanarsa ba, na ji. Amma abin da ya kwana a gefen gonarka baƙonka ne, ko an ba ka ko ba a ba ka ba. Na kwance igiyoyin na adana su a rumbu. Na yayyaga tsohon rawanina da wasu tsofaffin zannuwa, na tufka su da kyau, na ɗaure shi da su. Laushi kamar a ɗaure jariri.

Ranar wata kasuwa bayan la'asar sai ga Lado a kan babur, mutanen rumfa na biye da shi a motar ɗaukar gyaɗa. Wai sun zo ganin jirgi. Ni na san ta'aziyyar bakina suka zo yi.

Lado ya zaga jirgin, ya ƙwanƙwasa fiffike. "Wannan ne? Ai namu na Makka, banɗakinsa ya fi wannan girma."

"Naku ai kwasar ku aka yi. Wannan na mutum biyu ne, masu daraja."

"To, mai daraja, ka ma san ta inda ake shiga?"

Na buɗe ƙofar na hau. Na zauna a kujerar matuƙi, na jawo bel na ɗaure kamar yadda na ga Mas'uda na yi, na kama sitiyarin da hannu biyu. Ta gilashin gaba na hango gabas ta yi baƙi ƙirin, irin hadarin ƙarshen damina mai zuwa da fushi. Kofunan na'ura suka fara wani irin juyi har ba a ganinsu.

Sai ga Talatu da gudu, waya a hannu, ta cusa mini ita ta taga. Mas'uda ce.

"Baba Sulle, me kake yi a ciki? Ka fito. Shafin iska ya yi ja tun daga gabashinku, rahoton Kano ya ce ta wuce ta can da ƙarfi, na'urar Inna kuma lambarta sai hawa take. Kowa ya matsa daga jikin jirgin."

"'Yar nan, an fara yayyafi, kuma babbar rigata ce a jikina."

"Igiyoyin suna nan yadda na ɗaure su?"

"Sun fi yadda kika ɗaure su kyau."

Sai ta ce, "Ba wa Inna wayar." Na miƙa. Ina ji ta ce, "Inna, ki gudu."

Talatu ba ta taɓa yi mini biyayya da saurin da ta yi wa yarinyar nan ba.

Iskar ta iso. Jirgin ya yi rawa, ya ɗaga hanci kamar doki ya ji ganga. Na ji rawanina ya tsinke ta dama, zannuwa suka tsinke ta hagu. Sai ƙarar ƙasa ta ɗauke daga ƙarƙashina. Na leƙa, na ga fako yana nisa.

Da baya muka tashi, wannan ba zan ɓoye ba. Ni ban ga laifin hakan ba, mutum ya fi ganin inda ya baro. Na ga saman ɗorawar gonata, wadda na shekara da shekaru ina gani ta ƙasa, ashe ta sama ba ta da wani kyau. Na ga rufin ɗakin Talatu da wani faifai da ta daɗe tana zargin maƙwabta a kansa. Na ga mutanen rumfa sun watse cikin gyaɗa, kowa da inda ya dosa. Na murɗa sitiyarin dama, jirgin ya yi hagu, na gane irin nasa halin, na ƙyale shi.

Sai ga Lado. Ya baro babur yana gudu yamma, riga ta cika da iska, hula ta tafi. Inuwar fiffike ta rufe shi. Ya waiwayo, ya ɗaga kai, muka haɗa ido, bakinsa a buɗe haƙorin Makka na walƙiya. Na wuce ta saman sanƙonsa, kusa har ina iya ƙirga gashin da ya rage. Na ɗaga masa hannu. Ya kwanta rub da ciki a cikin kunyar gyaɗa.

Gonar dawar dagaci ce ta karɓe mu. Dawar ta yi tsayi ta yi kauri, muka shiga cikinta da wutsiya, karare na karyewa kamar ana harbi. Fiffike ɗaya ya tafi abinsa. Jirgin ya jirkice, ya yi tunani, ya kwanta a gefe. Na duba jikina, komai na nan sai haƙori ɗaya, wanda dama ya daɗe yana neman tafiya.

Ruwa ya sauko. Can na ji ana ratsa dawa ana kiran sunana. "Sulle. Ɗan kawu. Sulle, ka yi magana." Lado ne a gaba, laka tun daga gemu har ƙafa, mutanen rumfa na bayansa. Ya ja ƙofar da hannu biyu, ya gan ni zaune a karkace cikin bel, ina gyara wuyan riga. Ya tsaya yana haki. Lado kuwa duk iskancinsa ɗan gidan tarbiyya ne, bakinsa ya san abin da ake ce wa wanda ya iso daga tafiya tun kafin kansa ya yi shawara.

Ya ce, "Barka da sauka. Ya hanya?"

Na ce, "Lafiya lau, Alhaji. Mun same ku lafiya?"

Na dubi mutanen rumfa, suka dubi juna. Wani dattijo a cikinsu ya sauke numfashi ya ce, "Shi ke nan. Mun shiga uku da labari."

Kasuwar da ta biyo baya Lado ya zo da hujjoji. Wai ba inji, wai da baya ne, wai shi bai ga komai ba don ruwa ya shigar masa ido. Aka ce masa, Alhaji, kai da bakinka ka yi wa mutum barka da sauka, kuma ba a sauka sai an hau. Ya tashi ya koma rumfar masu barkono, ya yi atishawa har azahar, ya dawo.

Jirgin a mota aka kwashe shi, kashi-kashi. Dagaci ya ce a bar maganar dawa, amma tun daga ranar in na gaishe shi a taƙaice yake amsawa. Mas'uda takan kira Talatu su yi hira, in na karɓi wayar sai ta ce sabis ba kyau. Na ba ta lokaci, yarinya ce, za ta huce. In ta huce ina so in zaunar da ita in nuna mata yadda ake sauka a cikin dawa, don na ga a makarantarsu ba a kai ga nan ba.